Daga Ganye Zuwa Fure: Yadda Okid Ke Cika Shekararsa

Dangin okid, wani tsiro mai fure da ake raino don ado, suna da yawa, nau'insu ya kai wajen 28,000, amma wanda aka fi sayarwa a tukunya shi ne Phalaenopsis, mai furen nan da ke buɗewa kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indonesiya, har zuwa Taiwan, inda yake maƙalewa a jikin reshen bishiya. Ba kauci ba ne. Ba ya tsotsar komai a jikin bishiyar, wurin zama kawai yake ara, saiwoyinsa na lilo a iska suna shan ruwan sama da raɓa. Shi ya sa duk wanda ya dasa shi a ƙasar lambu ya kashe shi. Ɓawon itace da aka farfasa, da ɗan gawayi ko ɓawon kwakwa, su ake zuba masa, a tukunya mai huji da yawa.

Saiwar ce ke faɗin lokacin ban ruwa. Tana da wata fata mai kama da soso: idan ta bushe sai ta yi fari-fari kamar azurfa, idan ta jiƙe ta koma kore shar. Muddin tana kore, a ƙyale ta. Da ta yi fari, a kwarara ruwa har ya riƙa zuba ta ƙasan tukunya, a bari ya tsane sarai. Yawanci hakan na zuwa bayan kwana 7 zuwa 10, ko ƙasa da haka idan iska ta bushe. Da safe ake yi. Ruwan sama ya fi na rijiyar burtsatse, domin gishirin da ke cikin wasu rijiyoyin yana ƙona bakin saiwa ya baƙanta shi.

Phalaenopsis kara ɗaya gare shi, gajere, kuma daga tsakiyar kansa kaɗai sabon ganye ke fitowa, wannan ya kwanta dama, na bayansa ya kwanta hagu. Ba ya gaggawa: ganye ɗaya ko biyu a shekara, uku idan ya ji daɗi sosai. A daidai lokacin na can ƙasa yakan yi rawaya ya faɗi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Abin dubawa shi ne girman sabon ganye. Idan ya kai wanda ya gabace shi ko ya fi shi, lafiya lau. Idan kuwa kowane sabo yana fitowa ƙarami, to ko saiwa ta ruɓe a cikin tukunya, ko haske bai isa ba. Launi ma yana magana. Kore mai duhu sosai alamar ƙarancin haske ce, kuma irin wannan tsiron zai yi ta ganye ba fure. Kore mai haske kamar ɗanyen lemun tsami shi ake so. Rana tsaka kai tsaye kuwa tana toya ganyen cikin awa ɗaya ko biyu, ta bar tabon da ba ya gogewa. Tagar gabas ta fi, ko bayan labule mai shara-shara.

Tun da tsiron wuri ɗaya tak yake girma, ruwan da ya kwana a tsakiyar kan nan shi ne babban makashinsa. Wurin sai ya ruɓe, sabon ganye ya zare da kansa idan an taɓa shi. In ruwa ya shiga, a tsane shi da auduga nan take.

Watannin ɗumi na ganye ne da saiwa, kuma a nan ne ake ba da taki: kashi ɗaya bisa huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin, duk mako biyu, bayan an fara jiƙa saiwar da ruwa. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da ruwa zalla don kada gishirin taki ya taru. Mutane kan raina wannan lokacin don babu abin kallo, alhali a gindin ganyen da ake yi yanzu ne tohon fure ke kwance. Karan fure yakan ɓullo ne daga hammatar ganye na uku ko na huɗu idan aka ƙirgo daga sama. Tsiron da bai yi sabon ganye ba, da wuya ya sami inda zai fitar da sabon kara.

Abin da ke tayar da tohon nan daga barci sanyi ne. Matuƙar zafin wurin yana kan digiri 28 ko sama da haka a ma'aunin Salsiyas, Phalaenopsis ba zai fitar da karan fure ba, ko da ganyensa ya kai tafin hannu biyu. Sai ya sami mako 4 zuwa 6 a wajen digiri 25 da rana, 18 zuwa 20 da dare. Da wannan ne manyan gonakin Taiwan da Holan ke sarrafa shi: su raine shi a ɗumi har ya cika ganye, sannan su kai shi ɗakin sanyi ya yi fure a watan da kasuwa ke nema. A ƙasar Hausa hunturu ne ke ba da wannan dama, daga Disamba zuwa Janairu. Sai dai iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, shi kuwa yana son laima ta kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. A ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba, a kuma shigar da ita ciki idan dare zai sauka ƙasa da digiri 15.

Da farko karan fure da sabuwar saiwa sun yi kama. Bakin saiwa zagaye ne, sumul, yana sheƙi, kuma yakan nufi ƙasa. Bakin karan fure a ɗan baje yake, da tsaga kamar hannun da aka dunƙule, yana neman haske. Idan ya kai tsawon taƙi ɗaya, a kafa masa siririn tsinke a ɗaure shi sako-sako. Daga nan kada a ƙara juya tukunyar, domin karan zai bi haske ya karkace, furannin su fuskanci ko'ina. Daga ɓullowar kara zuwa buɗewar furen farko wajen wata uku ne. Kowane toho yana murɗa kansa rabin zagaye kafin ya buɗe, don leɓen furen, inda ƙwaro ke sauka, ya dawo ƙasa. Na gindi ne ke fara buɗewa, a bi da bi har zuwa baki, kuma furen yakan yi wata biyu zuwa uku.

Abin da ya fi ciwo a duk shekarar shi ne toho ya yi rawaya ya kakkaɓe ana saura kwanaki ya buɗe. Dalilan sanannu ne: iskar na'urar sanyaya ɗaki ko fanka tana bugunsa kai tsaye, saiwa ta bushe ƙamas, ko an sauya masa wuri. Akwai kuma iskar etilin da ayaba, mangwaro da tumatir ke fitarwa idan suna nuna, wadda ke cikin hayaƙin janareta da na risho ma. Kwanon ayaba a kusa da tukunya ya isa ya zubar da toho duka.

Bayan furen ƙarshe ya faɗi, a dubi tsiron kafin a ɗauki almakashi. Idan yana da ganye huɗu ko fiye, masu kauri, karan kuma yana nan kore, ana iya yankewa kamar santimita 2 a saman gaɓa ta biyu ko ta uku daga gindi. Sau da yawa reshe yakan fito ya yi fure cikin mako 8 zuwa 12, ko da yake ƙanana ne. Idan ganyen ya yi yaushi ko bai wuce uku ba, a yanke karan tun daga gindi, da reza sabuwa ko almakashin da aka gasa a wuta. Wannan ne kuma lokacin sauya ɓawon tukunya, duk shekara ɗaya ko biyu, da zarar an ga koren bakin sababbin saiwoyi ya leƙo. A cire duk saiwar da ta yi laushi ko ta zama holoƙo, a bar tsiron kwana biyu zuwa uku kafin a ba shi ruwa.