Mun ɗauka mura ce kawai

Ɗan yayata mai shekara 6 ya yi kwana 12 yana fama da mura a cikin ƙurar hunturun nan ta Gombe, majina kore mai kauri, dare na yi sai zazzaɓi, mu kuwa parasitamol da man zafi kawai muke ta dirka mai. Ran wata Asabar muka tashi fatar idonsa na hagu ta kumbura suntum tayi jajir kamar zuma ta harbe shi. Hajiya tace ciwon ido ne a siyo na ɗigawa a kemis, Allah yasa Yaya ta ƙi.

A asibiti likita ya buɗe idon da yatsa yace "Yarona, bi biron nan da ido", yaro yace zafi, kuma biro biyu yake gani. Nan take aka bashi gado, aka ɗibi jini, aka tura mu hoton CT.

Ashe akwai ramukan iska cikin ƙasusuwan fuska, sinus ake ce musu, kuma ƙashin da ya raba na gefen hanci da ido siriri ne kamar takarda, so ƙwayar cuta ba ta shan wahalar tsallakawa. Na goshi kuma yakan kai ciwon har ƙwaƙwalwa, ya zama sanƙarau ko mugunya ta taru, alamarsa ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sandare ko goshi ya kumbura, nan hoton MRI ake nema.

Shi dai hoton CT ɗin ya nuna mugunyar ba ta taru sosai ba, ba a yi tiyata ba, allura aka dinga yi mai ta jijiya.