Tsutsa a gyambo: abin da ɗakin imajansi ya koya mini

Duk sanda aka kwance tsumman da aka ɗaure ƙafa da shi aka ga tsutsa na mutsu-mutsu, idon kowa kanta yake komawa. Ɗalibai su ja da baya, 'yan uwa su ɗauki salati. Amma ba tsutsar ce ke kashe mutum a wannan daren ba. Ni yanzu zafin jiki nake fara aunawa, sai bugun zuciya, hawan jini da suga. Da yawa cikin masu zuwa mana da irin wannan gyambo, ciwon suga ne ya kashe musu jijiyoyin ƙafa har ba sa jin zafi, ko tsoho ne da kwanciya ta cinye masa baya. Idan cuta ta riga ta shiga jini, ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta ne a gaba. Tsutsa ta jira.

Cire ta aikin haƙuri ne. A ba da maganin zafi, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a riƙa tsincewa da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Da ka haska fitila sai su nutse cikin nama, don ba sa son haske. A nan sai a toshe bakin ramin da basilin. In numfashi ya gagare su, da kansu suke leƙowa. Ba a fizga, don kada ta tsinke ragowar ta ruɓe a ciki. Washegari a sake buɗewa, domin ƙwan ƙuda kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Allurar tetanus kuma ba a mantawa da ita.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne kananzir, fetur ko fiya-fiya da ake tuttulawa a gida. Naman da ya rage da rai shi ma sai ya ƙone.

Wasu kan ce ai tsutsa gyara ciwo take yi. Da ƙamshin gaskiya: ta koren ƙuda ruɓaɓɓen nama take ci, har Amurka ta amince da amfani da ita a asibiti a 2004, amma wadda aka raina da tsabta a ɗakin bincike. Akwai kuwa mai cin lafiyayyen nama, irinta ce ta addabi dabbobin Libiya a 1988. Da ido ba na iya bambance su, shi ya sa ba na barin ko ɗaya.

Sai kuma fuska. Majinyaci ya fi kowa sanin warin da yake yi, kuma fuskar nas yake kallo. Wani dattijo ya taɓa rufe kansa da rawani don kunya. Na ja labule, na rage 'yan kallo, na ce, "Baba, sannu. Wannan mun saba gani, yanzu za mu share shi." Sannan ya yarda ya miƙo ƙafar.

Kafin sallama nakan nemi wanda zai riƙa wanke ciwon a gida, in sa shi ya naɗa bandeji a gabana, in tambaya ko suna da gidan sauro da kuɗin motar dawowa.