Kwana uku a ƙuryar ɗakin Mama, da labarin Habasha

Ranar Lahadin da ta wuce ’yata ta biyu ta dawo daga Islamiyya da takardar jarrabawar sira, ta cinye duka. Ina tsakiyar tankaɗe ta miƙo mini, na goge hannu a zane na karɓa. Tambayoyin da aka yi mana muna yara su ne dai: shekarar da aka haifi Manzon Allah (SAW), sunan mahaifiyarsa, wadda ta shayar da shi, shekarar hijira. Ta rubuta Shekarar Giwa, Amina, Halimatus Sa’adiyya, 622. Na sa mata albarka, sannan na ce, “To hijirar farko fa, ina aka je?”

Ta ce, “Umma, ai Madina ce.”

Ban ga laifinta ba, haka aka koya mata. Amma abin ya tsaya mini a rai har dare, domin a duk tarihin Annabi babu inda ya shafe ni kamar hijirar Habasha.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, takalman fata da jakunkuna yake sayarwa a kasuwar Terminus ta Jos kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Ba malami ba ne, amma ya zauna gaban malamai. Idan watan Mauludi ya kama, bayan isha’i yakan tara mu a bakin kaskon garwashi, kowa ya ƙudundune saboda sanyin Jos, ya ɗauko labari tun daga Kogon Hira. Wahayi ya fara sauka a 610, Annabi yana da shekara 40. Da kira ya fito fili, Ƙuraishawa suka far wa waɗanda ba su da gata. Bilal aka ɗora masa dutse a ƙirji cikin zafin rana. Sumayya, mahaifiyar Ammar, Abu Jahil ya soke ta da mashi. Shi Annabi yana ƙarƙashin kariyar baffansa Abu Ɗalib, amma ba shi da ikon kare mabiyansa. Sai ya ce musu su tafi Habasha, domin akwai sarki a can da ba a zaluntar kowa a wurinsa.

Sarkin nan, Najashi, Kirista ne, kuma Annabi ya san haka. Da adalcinsa ya siffanta shi, ya kuma yarda da shi har ya bar ’yarsa ta cikinsa, Ruƙayya, ta tafi tare da mijinta Usman bin Affan. A watan Rajab na shekara ta 5 da aiko shi, wato 615, mutum goma sha wani abu suka sulale zuwa gaɓar Shu’aiba, suka hau jirgin ’yan kasuwa suka ƙetare Bahar Maliya. Ayari na biyu ya fi yawa, maza 83 ban da mata da yara.

Inda Baba ya fi daɗewa shi ne wajen tsarabar da Ƙuraishawa suka aika don a dawo musu da mutanen. Jemammiyar fata ce, domin ita ce hajar Makka da Habashawa suka fi so. Yakan ce Amru bin Asi, jakadan Ƙuraishawa, ya san kasuwa: bai fara da sarki ba, sai da ya bi fadawa ɗaya bayan ɗaya ya ba kowa nasa, don idan magana ta zo fada a ce a miƙa su ba tare da an saurare su ba. Najashi ya ƙi. Ya ce mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa ba zai ba da su ba sai ya ji ta bakinsu.

Ja’afar bin Abi Ɗalib ne ya yi magana. Ya lissafa yadda suke kafin Musulunci: bautar gumaka, cin mushe, yanke zumunta, munana wa maƙwabci, mai ƙarfi yana cinye mai rauni. Ya karanta farkon Suratu Maryam, sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya ce wannan da abin da Isa ya zo da shi daga alkuki ɗaya suka fito. Washegari Amru ya dawo da wata dabarar, ya ce a tambaye su me suke faɗa game da Isa. Nan ne wurin da ya fi tsanani, domin amsar tana iya ɓata ran mai masauki. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka tsaya a kan za su faɗi abin da Annabinsu ya zo da shi, komai zai faru ya faru. Ja’afar ya ce Isa bawan Allah ne, manzonsa, ruhinsa, kuma kalmarsa da ya jefa wa Maryam. Fadawa suka yi ta gunaguni. Sarki ya tsinci ɗan tsinke a ƙasa ya ce Isa bai wuce abin da ka faɗa ba ko da gwargwadon wannan. Ya sa aka mayar wa Amru fatunsa.

Da labarin nan a kaina na kai shekara 13, amma ban san nauyinsa ba sai ranar Juma’a 7 ga Satumba, 2001, ranar da rikici ya ɓarke a Jos tsakanin Musulmi da Kiristoci.

Unguwarmu ta lokacin gauraye take, gidanmu da na wata dattijuwa Kirista katangar langa-langa ce kawai tsakani. Mama muke ce mata. Da yamma hayaƙi ya fara tashi, Baba bai dawo daga kasuwa ba. Mama da kanta ta ɓalle gefen langa-langar ta leƙo ta ce wa Innarmu, “Kwaso yara ki zo, kada ki ɗauki komai.” Ta shigar da mu ƙuryar ɗakinta, bayan buhunan acca da dankalin Turawa, ni da Inna da ƙannena biyu. Har yau idan na ji ƙamshin ƙasar da ke jikin sabon dankali sai gabana ya faɗi.

Da magariba ta yi Inna ta rasa yadda za ta yi, tana jin nauyin tambaya. Sai ga Mama ta turo ƙofa da ruwa a kwano, ta shimfiɗa wankakken zane a ƙasa, ta nuna mata kusurwar da take ganin muna fuskanta daga gidanmu. Ba wadda ta ce wa ’yar’uwarta uffan. A dare na biyu aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Muna jin muryar Mama tana cewa ita da ’ya’yanta ne kawai a ciki, wanda zai shiga sai ya bi ta kanta. Inna ta toshe bakin autanmu da tafin hannunta har sawun yatsunta ya fito a kumatunsa. A kwana na uku sojoji suka kwashe mu zuwa barikin Rukuba, a can muka tarar da Baba da rigar da ya fita da ita.

Akwai wani yanki na labarin Habasha da ba a cika faɗa ba, kuma Ummu Salama ce ta ba da shi, ita da ta zauna a can. Wani ya tayar wa Najashi da yaƙi yana neman sarautarsa. Ta ce ba su taɓa shiga baƙin ciki irin na lokacin ba, don tsoron kada wanda bai san haƙƙinsu ba ya yi nasara. Suka hura wa Zubairu bin Awwam salka, yana cikin mafiya ƙanƙantar shekaru a cikinsu, ya rungume ta ya yi iyo ya ƙetare kogin Nilu don ya gano yadda ake ciki, su kuma suna ta roƙon Allah ya ba sarkin nasara. Wannan tsoron na san shi. A daren da aka buga ƙofar, addu’ar da nake ji Inna tana raɗawa ita ce kada a ƙona wa Mama gida saboda mu.

Kuma a Filato an ga abin ta ɗaya ɓangaren. A Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi ba da su.

Abin da ke damuna da yadda muke koyar da sira shi ne gaggawar da muke yi mu isa Badar da Uhudu. Shekara 13 na Makka sai a dunƙule su a darasi biyu, Habasha ta samu layi ɗaya idan ta samu. Alhali Ja’afar bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan hijira, 628, lokacin da aka ci Khaibara, bayan ya haura shekara 10 a ƙasar mutane. Annabi ya sumbaci goshinsa ya ce bai san da wanne zai fi murna ba, cin Khaibara ko zuwan Ja’afar. Da Umar ya ce wa Asma’u bint Umais, matar Ja’afar, su sun riga su hijira don haka sun fi kusa da Annabi, ranta ya ɓaci ta kai ƙara. Annabi ya ce su hijira ɗaya suka yi, ku mutanen jirgi kuna da biyu. An haifi yara a can. Akwai Ummu Khalid, wadda Annabi ya tufatar da riga mai ado yana ce mata “sanah, sanah”, wato kyakkyawa da harshen Habasha. Da Najashi ya rasu a shekara ta 9, ya riga ya musulunta, Annabi ya fita da sahabbai filin salla suka yi sahu ya yi masa kabbara huɗu daga Madina.

Mu ba mu koma waccan unguwar ba. Baba ya sayar da filin, muka dawo Anguwan Rogo, kamar yadda dubban mutane suka yi ta sauya matsuguni kowa ya koma cikin nasa. ’Ya’yana sun taso ba su da maƙwabci Kirista ko ɗaya. Mama tana nan da rai, ido ya yi rauni, tana zaune wurin ɗanta. Rabona da ita tun rasuwar Inna, da ta zo gaisuwa ta wuni tare da mu.

A daren Lahadin na zaunar da ’yata na ba ta labarin biyu a jere, na Ummu Salama da nawa. Ta yi shiru, can ta ce, “Umma, ita Maman ta san sunana?” Na ce ba ta sani ba. Jiya na saya mata turmin atamfa da sabulu, na kira ɗanta na ce ya gaya mata muna nan tafe ranar Asabar da hantsi, ni da jikarta.