Mako na bakwai: kalmar infamous ta kayar da ni

'Yan uwa masu fama da Turanci, barkanmu da war haka. Wannan makon kalma ɗaya tak na riƙe, infamous, amma ta ba ni wuya fiye da kalmomi ashirin na makon jiya.

Na fara da fasa ta kamar yadda muka saba. Gaɓoɓinta uku: in, fa, mous. Ɗafa-goshi in, wato ƙarin da ke farkon kalma, daga Latin ya fito, aikinsa korewa. Saiwar ita ce fame, wato shahara, sai ɗafa-ƙeya ous, ƙarin da ke ƙarshe, da ke mayar da kalma sifa. Ina ganin haka na ce shi ke nan, ma'anarta wanda ba a sani ba. Ashe ba haka ba ne. Infamous shi ne wanda ya yi ƙaurin suna, kowa ya san shi, amma da mugun abu.

Furucin ya fi ba ni kunya. A famous ana danna gaɓar farko, FEI-mas, ni kuwa sai na liƙa in a gaba na ce in-FEI-mas. Na naɗi muryata a waya, na kunna ta ƙamus, sai na ji IN-fa-mas. Nauyin ya koma kan ɗafa-goshin, wasalin tsakiya ya shanye, da ƙyar ake jinsa. Ɗan gajeren layin nan da ƙamus ke sawa a sama kafin gaɓa, shi ke nuna inda nauyin yake. Shekara nawa ina ganinsa ina wucewa!

A ganina kunnenmu ne ya saba da karin sauti. Kuka ta miya da kuka na hawaye, hawa da saukar murya ne ke raba su, wasulan kuma suna nan cikakku. Bature kuwa, gaɓar da bai danna ba cinye wasalinta yake yi.

Kada ku ɗauka komawar nauyi kan ɗafa-goshi doka ce. A impossible nauyin bai bar saiwa ba, im-PO-si-bul, in ɗin ne kawai ya zama im saboda p da ke biye. Amma infinite da impotent sun bi sahun infamous.

Yanzu dabarata buga tebur: gaɓa mai nauyi da tafin hannu, sauran da ɗan yatsa. Infamous ta zauna a bakina. Infinite ce har yanzu nake ce wa in-FAI-nait idan na yi sauri, ita zan kwana da ita mako mai zuwa.