Awon gona a ƙauye tun bayan zuwan KADGIS

Ni ɗan safiyo ne, wato mai awon ƙasa, kuma mafi yawan abincina daga ƙauye yake fitowa: Giwa, Soba, Ikara, Kubau, wani lokaci har Lere. Abokan sana'armu na cikin garin Kaduna sukan tambaye ni ko gyaran da aka yi wa harkar filaye ya taɓa mu. Ya taɓa mu mana, sai dai ba ta inda suke zato ba.

A 2015 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ta karɓi aikin tsohuwar ma'aikatar filaye da safiyo, irin dai yadda ya yi da AGIS, takwararta ta Abuja, lokacin yana ministan Abuja. Aka mayar da fayiloli cikin kwamfuta, aka ce masu tsohuwar takardar mallaka su zo a sabunta. Ba na cikin masu kukan wai da can ya fi. Wanda ya taɓa ganin fili ɗaya da takardu biyu, kowace da hatimi, ya san abin da ake gudu. Yanzu in ka kai awon da ya hau kan na wani, allo zai nuna, ba sai an kai ga zuba tubali ba.

Amma dokar da ke ƙarƙashin komai ba ta motsa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce har gobe, kuma mu a Arewa ba baƙuwa ba ce, don dokar 1962 ta riga ta ɗora ƙasa a hannun hukuma. Ita ta 1978 ta raba ƙasa gida biyu: ta birni tana hannun gwamna, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Gwamna ne kuma ke faɗin inda birni ya tsaya. A wannan gaɓar ce aikinmu ya fi rikicewa.

Ku dubi Rigasa tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2016, ko gefen Millennium City, ko hanyar Kujama. Gonar da jiya ake shuka masara, yau dillalai sun kewaye ta. Lissafin ba wuya: fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari bai kai murabba'in mita 470 ba, hekta guda kuwa 10,000 ce, wato fuloti 21 ke nan in ba a bar wa kowa hanya ba. Shi ya sa mai awon igiya yake matse layi har mota biyu ba sa wuce juna, babu wurin kwata, babu filin makaranta, balle maƙabarta. Mai gona zai zo ya ce mini, "Malam, ka yanka mini kawai, yaran nan aure za su yi." In na ce masa sai da amincewar KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kuma sashe na 36 na dokar 1978 ma ya hana yanka irin wannan gona zuwa fuloti, sai ya ce Allah ya kai mu, ya tafi. Bayan sati zan wuce in ga an kafa turaku. Wani yaro ne da waya ya yi masa.

Wayar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na'urar GPS ta cikin waya takan kauce da mita uku zuwa biyar, a ƙarƙashin itatuwa ma fiye. Tamu ta aiki santimita take bayarwa, amma tsadarta ta sa da yawanmu haya muke yi, kuma kuɗin hayar a kan manomi yake ƙarewa. Ga wata matsalar da ko wasu masu difloma ba su lura da ita: tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna aka zana su, waya kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 take magana. In ba ka juya lambobin ba, gona za ta tashi da gomman mitoci ta sauka cikin ta maƙwabci. Hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi wa 'yan safiyo rajista, amma manomi a Soba ina ruwansa da rajista? Wanda ya fi sauƙi yake nema.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sabon tsarin lambobi yake karɓa, alhali rabin aikina a ƙauye ba lambobi ba ne. Iyakar gona a wurinmu gamba ce, ko aduruku, ko layin bini-da-zugu, ko wata tsamiya da kakan wane ya ce daga nan ne. Hoton sama zai nuna maka kunya da layin ciyawa, ba zai gaya maka cewa ɓangaren gabas jingina ce ba, ko cewa fadamar aro aka ba wani tun zamanin mahaifinsa, ko cewa akwai 'yan'uwa mata da ba a fitar musu da rabonsu na gado ba. Ba zai nuna maka burtalin da aka cinye da garma kaɗan-kaɗan ba.

Don haka ba na kafa bikon, wato alamar iyaka, sai maƙwabta huɗu sun tsaya, da mai unguwa ko wakilin dagaci. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, a taka mana iyakar da ƙafa tukuna." A nan ake jin maganar da ba ta cikin kowane fayil. Wani dattijo zai ce, "A'a, ɗana, ba nan ba ne, ruwa ne ya ci wajen, da can iyakar tana bayan gidan tururuwar nan." Wannan zaman kan cinye yini, wani lokaci a watse ba a daidaita ba, kuma babu layinsa a takardar biyan kuɗi. Wanda ya tsallake shi zai riga ni kai fayil Kaduna, lambobinsa su shiga kwamfuta tsaf. Matsalar kuwa, da zarar kuskure ya zama satifiket, cire shi sai kotu.

Duk da haka ina matsa wa manoma su yi takarda, musamman na bakin gari. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini da amfanin gona da itatuwa, kuma mai awo a hannu ya fi samun bakin magana ranar ƙidaya. Abin da nake ba su shawara yanzu shi ne su haɗu, gonaki goma ko ashirin a jere, a yi musu awo rana ɗaya, a raba kuɗin hayar na'ura da na mota. Kuma a yi shi da rani bayan an kwashe amfani, lokacin da iyaka take a fili, masu gona ma suna gida.