Asabar, tiya 137

Jiya da daddare na iso gida daga Dutse, yau tun da na dawo sallar asuba ɗan yayata ya liƙe min wai sai na ga abin da ya haɗa. Yaron aji biyu yake a babbar sakandare, wayarsa duk gilashin ya tsage amma ya saka manhajar Pydroid a ciki yana koyon Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, kullum naira ɗarinsa na wajen mai caji.

Muna shan kunu sai ya ce wai Kawu ni fa boko ta ishe ni, a TikTok ya ga masu kodin, wato masu rubuta manhajar kwamfuta, suna cin dala ba digiri. Ban ce komai ba. Na ja shi bakin rumbu inda babansa ke auna gero, na ce toh malam injiniya, buhu tiya 40 ne, an auna tiya 137, rubuta min abin da zai faɗi buhu nawa da ragowar tiya nawa. Ya danna ya danna, waya ta ce masa 3.425, ya tsaya yana sosa ƙeya, baban nasa da ko firamare bai shiga ba ya ce buhu uku da tiya sha bakwai mana, bai ma ɗago kai ba. Wallahi dariya har da hawaye.

Na nuna masa alamar % da ke fitar da ragowa a Python, na ce wannan fa lissafin da kake gudu ne ranar Litinin. Kuma in kana son karanta kimiyyar kwamfuta a BUK ko jami'ar tarayya ta Dutse sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan a JAMB lissafi da fiziks na jiranka, ita kanta wayar in ta yi maka ƙorafi da Turanci take yi.

Ni ban hana shi kallon ƙwallo ba, nima ina zuwa gidan kallo. Tsakanin magariba da isha kawai na roƙa, kullum, ya gina littafin bashin shagon mamansa da Python, wa ya karɓi omo wa ya biya, ya daina tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan. Darasin koyon kimiyyar kwamfuta na jami'ar Harvard, CS50, kyauta ne, na ce zan sauko masa da shi a memori don nan netwok sai ka hau tudun bayan makabarta.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce ina jiyo shi a zaure yana tambayar babansa rabin buhu tiya nawa ne, cajinsa saura 6.