Baƙuwar da ta kwana a kwalbar zuma

Daren wata Laraba ne a ƙarshen watan Mayu, na dawo daga sallar isha'i, sai na tarar da 'yata ta toge a bakin ƙofa ta ƙi shiga gida. "Abba, ga wani ƙaton shinge a jikin fitila." Shekara biyu kawai ta yi a Zariya kafin mu dawo nan jihar Mishigan ta Amurka, amma duk ƙwaron da ke da dogon fiffike shinge ne a wurinta, don hirarsa ta sha a bakin kakarta.

Ba shinge ba ne. Ya kusa kai tsawon ɗan yatsana idan an haɗa da fiffike, launinsa toka-toka mai ratsin ƙasa, ya kwantar da fikafikansa a bayansa kamar wanda ya yafa tsohon mayafi. Na ɗauko kwalbar zuma da ta ƙare na kife shi a ciki. Bai ma yi gardama ba.

Da safe na nuna wa maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen kamun kifi a tafkin St. Clair. Na ce masa ina zaton wannan ne abin da suke kira fishfly, wato ƙudan kifi. Ya yi dariya har da tari, ya ce sam, nasu ƙudan kifin sai tsakiyar Yuni yake fitowa, ya lulluɓe motoci da bangon shaguna, titi ya yi santsi ya riƙa ƙarnin kifi. Har biki ake yi da sunansa duk shekara a garin New Baltimore. Gaskiyarsa, ni ma da tawa gaskiyar. Ƙwaron da mutanen bakin tafkin ke nufi daban yake: yana tsayar da fiffikensa sama, yana da dogayen zare a wutsiya, ƙahonsa ɗan guntu, kuma 'yan nazarin ƙwari sun sa shi a rukunin Ephemeroptera. Nawa ba shi da zaren wutsiya, ƙahonsa dogo. Suna ɗaya, ƙwari biyu da ko kusa ba dangin juna ba ne.

Na ɗauki hotonsa ta cikin kwalba na ba wata manhajar waya, ta ce mini dobsonfly ce, mace. Na yarda da ita har azahar. Abin da ya sa na fara shakka shi ne baki da kai. Namijin dobsonfly, wato Corydalus cornutus, yana da muƙamuƙai dogaye kamar lauje biyu, ita ma macen nata gajeru ne amma ƙarfafa, kanta kuma mai faɗi ne. Wannan kuwa bakinsa bai taka kara ya karya ba, kan ya tsuke ta baya. Laifin hotona ne: daga sama na ɗauka, gilashi na ƙyalli, ƙahon ma bai fito ba.

To a nan rigima ta tashi. Hanyar da ake bi a sa ƙwaro ya natsu ita ce a sa shi a sanyi na 'yan mintoci. Uwargida ta buɗe firji ta ga kwalba kusa da robar fura. "Maigida, yanzu abin naka har ya kai ga abincinmu?" Na roƙi minti goma, aka ba ni biyar.

Biyar ɗin sun isa. Na ɗora shi a kan farar takarda, na sa gilashin ƙara girma. A tsakiyar kansa akwai ƙananan idanu uku, ban da manyan biyu na gefe. Wannan ya tabbatar da shi a gidan Corydalidae, ya raba shi da 'yan uwansu na gidan Sialidae da ba su da su. Sai ƙaho, wanda shi ne alƙali. A jinsin Chauliodes, wato ƙudan kifi irin nawa, iri biyu ne a wannan yankin. Ɗaya shi ne pectinicornis, sunan da masanin halittu Linnaeus ya raɗa a 1763, ma'anarsa mai ƙaho kamar mataji, kuma mace da namiji duk haka nasu yake. Ɗayan shi ne rastricornis, wanda Rambur ya bayyana a 1842, mai ƙaho kamar manjagara. A nan namiji ne kawai ke da haƙoran mataji, na mace kuwa kamar bakin zarto yake. Na wannan zarto ne, ƙananan haƙora a jere. Na duba bayan kai: ɗigo-ɗigo masu duhu a kan fata mai haske, alhali na pectinicornis akasin haka ne, masu haske a kan duhu. Lokacin ma ya dace, don rastricornis ne ke riga fitowa, ɗayan sai zafi ya kankama. Ashe baƙuwa ce, ba baƙo ba.

Wani abu ya ba ni sha'awa a tarihin sunan. Linnaeus cikin jinsin Hemerobius ya fara sa su, a babban dangin da ya haɗa da kurkudu, wannan da muke tono a raminsa na yashi muna yara. Daga baya aka ware musu rukuninsu, Megaloptera, masu manyan fikafikai, amma har yau makusantan juna ne. Ban taɓa ganin irinta a gida ba, kuma ba mamaki: a nahiyarmu sai can Afirka ta Kudu da Madagaska ake samun danginta. A Afirka ta Kudun ma, jinsin Taeniochauliodes da Esben-Petersen ya kafa a 1924 ya daɗe ana ɗaukarsa ɗan ƙaramin gida, sai a 2013 da aka sake bin samfuran ɗaya bayan ɗaya, ana duba al'aurar mazan a ƙarƙashin madubin bincike, aka fitar da iri takwas. Da na karanta haka na daina jin kunyar kuskurena na rabin yini.

Yawancin rayuwarta ba a sama ta yi shi ba. Tsutsa ce a cikin ruwa mai kwanciya, a ruɓaɓɓen itace da ganye, tana cin ƙananan halittu, tana shaƙar iska ta wasu bututu biyu da ke ƙarshen jikinta. Idan ta ƙosa sai ta fito tudu ta rikiɗa, ta yi 'yan kwanaki da fiffike, shi ke nan. Akwai wani kududdufi a bayan layinmu da nake zargin daga can ta fito.

Saboda 'yan kwanakin nan ne ban soke ta da allura ba, ko da yake na so. Na ɗauki hoton ƙahon da na kan ta gefe da ta sama, na rubuta a littafina: Chauliodes rastricornis, mace, jikin fitilar ƙofa. Bayan magariba 'yata ta buɗe murfin da hannunta. Baƙuwar ta daɗe a bakin kwalbar tana motsa ƙaho, sannan ta tashi da wani irin nauyi, ta koma kan fitilar da muka ɗauko ta. Kwalbar kuwa uwargida ta ce kada ta sake ganinta a kicin.